Darasi na 27: Ranar da kile ya ƙi buɗewa

Mallawa ƙasar yashi ce, kusa da iyakar Najeriya. Da can tana ƙarƙashin Magariya. A shekara ta 2011 aka mai da Dungas gunduma, Mallawa ta shiga cikinta.

A wata makaranta ta karkarar Mallawa akwai kwamfuta guda ɗaya. Wasu na ce mata ordinata. Tsohuwa ce, irin wadda ake sa wa a jaka. Faranti mai zuƙar hasken rana ne ke cika batirinta. Babu injin buga takarda a makarantar. Idan malam ya rubuta abu, sai ya zuba shi cikin kile, ya hau kabu-kabu, a buga masa a Dungas. Kile ɗan ƙaramin ma'aji ne, bai kai tsawon yatsa ba. A hayin iyaka filas suke ce masa.

Wata rana da hunturu, malamin aji shida ya gama rubuta sunayen yaran da za su yi jarrabawar ƙarshen firamare. Kwana uku ya yi yana duba takardun haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Washegari ce ranar ƙarshe ta kai sunaye. Yaron da sunansa bai je ba, ba zai zauna jarrabawa bana ba.

Malam ya soka kile. Shiru. Ya zare, ya sake sokawa. Babu abin da ya fito a allo.

Yara suka kewaye tebur. Wani ya ce: "Malam, kwamfuta ta mutu." Wani ya ce: "A'a, kile ne ya ƙone." Babban yaron aji ya ce: "Malam, a wanke shi duka. Haka mai tura waƙa yake yi a kasuwa."

Malam ya ce: "In aka wanke shi, duk takardun bara sun tafi. Kuma wa ya gaya maka ciwon a cikinsa yake? In akuya ta ɓata, ba a fara sa wa garke wuta. Sawu ake bi. Ku zauna."

Manhajar da ba a rufe ba

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja. Ita ce ke tafiyar da allo, da madannai, da batir, da duk abin da aka jona. Wadda ke cikin kwamfutar makarantar sunanta Linux. Wani ɗalibi ne, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, a shekara ta 1991. Bai ɓoye rubutunsa ba. Ya bar kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara, ya ba wani. Don haka ake ce mata buɗaɗɗiyar manhaja. Tana da iri-iri. Irin da malam yake aiki da shi ana ce masa Ubuntu, ya fito a 2004. Zuciyar Linux ce kuma a cikin kowace salula mai Android, ko da mai ita bai sani ba.

Ba yau yara suka fara taɓa ta ba. A 2007 an raba wa ƴan makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin tsanwa da fari, sunansu XO. Linux ce a cikinsu. Da suka fara lalacewa, wasu daga cikin yaran suka koyi kwance su, suna gyara wa ƴan uwansu.

Linux tana da wani hali mai amfani. Tana rubuta duk abin da ta gani, kuma wanda ya tambaye ta za ta faɗa masa. Sai dai da Ingilishi take amsawa, a gajarce.

Hanyar da saƙo ke bi

Kafar da ake soka kile a ciki sunanta USB. An fito da ita a 1996. Malam ya ɗauko wata tsohuwar waya ta USB da ɓera ya ci, ya feɗe ta da reza. Yara suka ga ƴan wayoyi huɗu a ciki: ja, baƙa, fara da tsanwa. Ja da baƙa su ke kai wuta, bolt 5. Fara da tsanwa su ke kai magana. A bakin kile ma akwai ƴan ƙarafa huɗu a jere. Biyu na gefe na wuta ne, biyu na tsakiya na magana.

In ɗaya daga cikin huɗun bai taɓa abokinsa ba, aiki ya tsaya. Akwai ma wayoyi masu araha da ba su da fara da tsanwa sam. Suna cika salula, amma ko hoto ɗaya ba sa wucewa da shi. Mutane da yawa sun zagi kwamfutarsu a banza saboda irin wannan waya.

Wutar kafa kuma ba ta da yawa. Kafa irin ta USB 2.0, wadda ta fito a 2000, rabin amfa take bayarwa. Ta USB 3.0, ta 2008, tana ba da amfa 0,9. Sau da yawa harshenta shuɗi ne.

Tambaya ta farko

Malam ya buɗe tagar umarni. Baƙin allo ne, ba hoto, rubutu kawai. Ya rubuta kalma ɗaya: lsusb. Ma'anarta: "Lissafa mini abin da ke jone a USB."

Layuka suka fito. Kowane layi yana da lamba kashi biyu. Kashin farko na kamfanin da ya ƙera abin ne, na biyu na abin kansa. Misali 0781 lambar SanDisk ce, 0951 ta Kingston. Layukan da suka fara da 1d6b na cikin kwamfutar ne, kullum suna nan.

Malam ya ce wa wata yarinya: "Ke, ƙidaya layukan." Ta ce shida ne. Ya zare kile, ya sake rubuta lsusb. Ta ƙidaya. Shida ne dai.

Malam ya ce: "To, me kuka gane?"

Yarinyar ta ce: "Malam, ba ta ma san an sa shi ba."

Gaskiyarta. Tun da kwamfuta ba ta ji zuwan kile ba, laifin ba na takardun da ke ciki ba ne. Wanke shi ba zai yi maganin komai ba. Ciwon yana kan hanya: ko wuta, ko waya, ko kafa, ko bakin kile.

Abu ɗaya, sa'an nan wani

Yara suka duba hanyar. Ashe ba a jikin kwamfuta aka soka kile ba. An soka shi ne a wani reshe mai kafa huɗu. A reshen nan akwai ƴar fitila, akwai salular mai gadi tana shan wuta, akwai ɓeran kwamfuta. Reshen ba shi da wutar kansa. Rabin amfa ɗin kafa ɗaya su huɗu suke rabawa. Guga ɗaya ce aka ajiye wa shanu huɗu.

Babban yaro ya miƙa hannu zai zare kome da kome, ya hure kafa, ya kashe kwamfuta ya kunna. Malam ya riƙe hannunsa.

Ya ce: "Ɗaya bayan ɗaya. In ka canja abu biyar a lokaci guda ta warke, wanne ne magani? Gobe in ta sake, ba ka san kome ba."

Aka canja abu ɗaya tak. Aka cire kile daga reshe, aka soka shi a kafar hagu ta jikin kwamfuta. lsusb bai nuna shi ba. Aka mai da shi kafar dama. Sai ƴar fitilarsa ta ƙyafta. Yara suka yi ihu. Kafin su rufe baki ta mutu.

Malam ya rubuta umarni na biyu: sudo dmesg. Kwamfuta ta nemi kalmar sirri, ya ba ta. Wannan umarni yana buɗe littafin da zuciyar Linux take rubutawa tun daga lokacin da aka kunna ta. Littafin dogo ne. Ba a karanta shi duka, layukan ƙarshe ake dubawa. A nan suka ga an rubuta cewa sabon abu ya zo, sa'an nan ya tafi, ya sake zuwa, ya sake tafiya. A tsakani akwai kalmar Ingilishi error, wato kuskure, da lamba -71.

Lambar nan tana nufin an fara magana tsakanin kwamfuta da kile, amma maganar tana zuwa a yanke. Yawanci waya ce ta lalace, ko wuta ta gaza, ko ƙarafan ba su haɗu da kyau ba. Yanzu babu waya a tsakani, babu reshe. Saura baki.

Malam ya kashe kwamfuta. Ya haska bakin kile da tocila. Kilen ba shi da marfi, kuma wata biyu ya yi a aljihu yana shan iskar hunturu. Ƙura da zaren riga sun dunƙule a ciki, sun rufe ƙarafan tsakiya. Yarinyar ta ciro allura daga ɗankwalinta. Malam ya ce a'a. Ƙarfe yana kankare ƙarafan, kuma in a kafar kwamfuta ne yana iya haɗa ja da baƙa, kafa ta ƙone. Ruwa ma ba ya zuwa wurin. Aka karyo busasshen tsinken tsintsiya, aka sakato dattin a hankali.

Aka kunna, aka soka a dama. Yarinyar ta ƙidaya layukan lsusb. Akwai sabon layi, da sunan kile a ƙarshensa. Malam ya ƙara da umarni na uku, lsblk, mai lissafa ma'ajiyai. Babban ma'ajin kwamfuta ya fito da suna sda. A ƙarƙashinsa ga sdb, jiga 8. Shi ne kile.

Don a tabbata, malam ya mai da shi reshe tare da fitila da salula. Ya ɓace. Aka zare salular mai gadi, ya dawo. Ashe ciwo biyu ne suka haɗu, ƙura da ƙarancin wuta. Na uku kuma yana kafar hagu. Da aka haska ta, sai aka ga harshenta ya karye. Wannan babu umarnin da ke gyara shi, sai mai gyara a birni. Malam ya liƙe ta da ƴar takarda don kada wani ya sake sokawa.

Abin da aka tarar a ciki

Da aka buɗe kile, sai ga waɗansu baƙin fayiloli masu ƙarewa da .lnk. Malam bai sa su ba. Ƙwayar cuta ce irin ta Windows, wadda ake kwasowa a wurin tura waƙa da fim. Tana ɓoye takardun mutum, ta bar inuwarsu. Wanda ya danna inuwar, cutar ta shiga kwamfutarsa. A Linux ba ta iya tashi, kuma takardun da ta ɓoye suna fitowa fili. Amma in aka bar ta, za ta je Dungas ta kama kwamfutar mai buga takarda. Malam ya goge ta.

Ya kwafa sunayen yara. Allo ya nuna an gama. Babban yaro zai fizge kile, malam ya ce ya dakata. Linux takan riƙe wani ɓangare na rubutu a ƙwaƙwalwarta, ta zuba shi daga baya. In aka zare da wuri, sai a je Dungas da rabin suna. Ya danna inda aka rubuta Éjecter, ya jira fitila ta daina ƙyaftawa. Ya zare, ya sake sokawa, ya buɗe takardar. Yara suka karanta sunayensu da ƙarfi, daga na farko har na ƙarshe. Babu wanda ya ɓata.

Wani yaro ya tambaya: "Malam, in lsusb ya nuna abu amma ya ƙi aiki fa?"

Malam ya ce wannan wani ciwo ne dabam. Yakan faru da injin buga takarda ko kilen intanet. Kwamfuta ta ga baƙo, amma ba ta jin harshensa. Tana bukatar ƴar manhaja mai yi mata tafinta, ana ce mata direba. Sai a rubuta lambar nan mai kashi biyu a takarda, a tafi da ita inda akwai intanet, a nemi direban da ita. Da lamba ake nema, don sunan da ke jikin kwali yakan yi ƙarya. Akwai ma kile na jabu, an rubuta masa jiga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Wata manhaja mai suna f3 tana cika shi da rubutu, ta sake karantawa, ta faɗi girmansa na gaskiya.

Malam ya naɗe kile a ƴar leda, ya sa a aljihun gaba. Da asuba mai kabu-kabu ya tsaya a ƙofar makaranta.

Ma'anar kalmomi

Manhaja: rubutun umarni da ke sa kwamfuta aiki.
Reshe: ɗan akwati mai mai da kafar USB ɗaya ta zama da yawa.
Bolt da amfa: ma'aunan wutar lantarki. Bolt ƙarfin turawa, amfa yawan abin da ke wucewa.
Jiga: ma'aunin girman ma'aji.

Tambayoyi

1. Me ya sa malam ya hana a wanke kile?
2. Layukan lsusb ba su canja ba da aka zare kile. Me wannan ya nuna?
3. Waɗanne wayoyi ne ke kai wuta, waɗanne ke kai magana?
4. Don me aka mai da kile reshe bayan ya riga ya buɗe?
5. Kafa tana ba da rabin amfa. An raba shi daidai ga abu huɗu. Amfa nawa kowane ya samu?

Aiki

Ku zana bakin kile a littafinku. Ku rubuta aikin kowane ƙarfe da Hausa, sa'an nan da Faransanci.