Darasi: Mai son gini ya bi gwani

Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar ce. Ta koyi zanen gine-gine a Amurka. Daga 2018 zuwa 2019, wani gwani ɗan asalin Gana, David Adjaye, ya zama malaminta. Tare suka duba zanen gidan raya al'adu da ta yi wa birnin Yamai.

Gwanayen ƙauye ma sun koya mata. A Dandaji, jihar Tawa, akwai tsohon masallacin laka na Alhaji Falke Barmu, maginin masallacin Yama. An so a rushe shi. Mariam da abokiyar aikinta suka kira tsofaffin magina. Suka gyara shi, ya zama ɗakin karatu a 2018. Sabon masallaci kuma, da tubalin ƙasa aka gina shi.

Wannan tubali, inji ke danne shi. Ba a gasa shi, don haka ba ya cin itace. Bangonsa mai kauri yana tare zafin rana.

Samari, ku kusanci maginan garinku tun suna da rai.

Tambaya: me ya sa ɗakin laka ya fi na kwano sanyi?