Amsoshin Tambayoyinku: Samarin Zongon Kwatano da Gyaran Unguwa

Wani matashi daga Zongon Kwatano yana tambaya: me samari za su iya yi wa unguwarsu, alhali aljihu babu nauyi?

To ɗan'uwa, ku fara da kwatoci. Kwatano a kwance take tsakanin teku da tafkin Nokoué, da leda ta toshe magudana, ruwan Yuni sai ya malalo har ƙofar gida. Tun 2017 doka ta hana ledar da ba ta ruɓewa, amma kun fi ni sanin a cikin me ake ƙulla koko.

Ku yi gayya kafin damina, da shebur da baro. Ku fara gaida mai unguwa, sannan ku sanar da hukumar kwashe shara ta SGDS, kada tarin sharar da kuka kwaso ya kwana bakin titi ya koma cikin kwata.