Wayar Maigida da Keken Yaro

Darasinmu na wannan fitowa a kan titi yake, amma za ku ga cewa da hannunmu a ciki.

Kwanakin baya wani ɗalibina ɗan shekara 12 ya shigo aji yana ɗingishi, gwiwarsa ta ɗaye, wandonsa ya yage. Mota ce ta goge shi a kan kekensa. Ya ce da direban ya fito ko sannu bai yi masa ba, sai faɗa, wai masu keke sun cika shiga gaban mutane. Har a lokacin wayarsa na hannunsa. Jama'a suka taru, wasu na zagin mai mota, wasu na cewa ai yaran nan ba sa duba hanya.

Wannan jiƙaƙƙa ta daɗe. Mai mota gani yake titi nasa ne, mai keke kuma gani yake mai mota girman kai ne ya yi masa yawa. Kowanne yana da laifinsa, amma in an yi karo ba ɗaya suke ba: shi wancan ƙarfe ya kewaye shi, shi wannan kuwa daga shi sai fatar jikinsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Hukumar ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari.

Mu yi ɗan lissafi irin na aji. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In maigida ya sunkuya daƙiƙa 3 kacal don ya ga wa ke kira, ya yi tafiyar mita 50 ke nan kamar makaho. Keke kuwa siriri ne, ba ya ƙara, a gefen ido ake ganinsa, kuma gefen idon nan shi waya ke fara ɗaukewa. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa waya lokacin tuƙi cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu.

To 'yar'uwa, wa ke kiran nan? Sau tari mu ne. "Ka taho da tumatir." "Kana ina ne har yanzu?" In bai ɗauka ba mu sake kira har sau uku, ya dawo kuma ya tarar da fuska a ɗaure. Ni ma na yi, ba na ɓoyewa. Mu muka koya musu cewa ƙin ɗaukar wayarmu laifi ne. In kin ji ƙarar titi a wayar, ki ce "Alhaji, in ka tsaya ka kira ni," ki kashe. In kuma ke ce ke tuƙin, ki jefa wayar cikin jaka, jakar a kujerar baya.

Yaranmu masu keke su ma da gyara. Tun 1972 ake tuƙi a hannun dama a Nijeriya, don haka yaro ya bi dama, kada ya tari motoci gaba da gaba. Banda goyo, banda abin jin sauti a kunne. Ki duba birkinsa da kanki kafin ya fita, ki sa ya naɗe ƙafar wando saboda sarƙa. Wanda zai dawo bayan magariba a sa masa fitila da abin ƙyalli a baya, ya kuma sa kaya masu haske.

Ɗalibin nawa ya warke, alhamdu lillahi. Da na duba kekensa, birkin baya igiya ce aka ɗaure shi da ita. Na aika wa mahaifiyarsa takarda a ranar.