Zaren Noti a Harshen Bakanike da a Lissafin Kwamfuta: Nazari daga Fadamun Tambuwal da Kebbe

Noman rani a fadamun Tambuwal da Kebbe, musamman na albasa da shinkafa, ya dogara ne a kan injin ban ruwa mai bakin inci 2 ko inci 3. Abin da ya fi tsayar da irin wannan inji ba babba ba ne: mahaɗin roba ne da ake murɗawa tsakanin bakin inji da tiyo. Da zarar zarensa ya cinye, iska za ta riƙa shiga, inji ya daina jan ruwa. Manomi kan naɗa tsumma ko robar taya, in abin ya ƙi, sai ya nufi Jega ko Sakkwato, shuka kuwa tana jiran ruwa. Wannan maƙala ta dubi yadda ake ƙera irin wannan mahaɗi da na'urar ɗab'i mai fuska uku, wato wadda ke narka roba tana jera ta shimfiɗa bisa shimfiɗa har siffa ta fito.

Bakanike yana cewa “zare”, ya bambanta manya da ƙanana, sauran kuma gwaji ne da hannu. Kwamfuta ba ta gwaji. Lamba uku take nema: kaurin abin, tazarar da ke tsakanin tudun zare da mai bi masa, da kusurwar tudun. A shekarar 1841 Joseph Whitworth na Ingila ya tsayar da kusurwa mai digiri 55, kuma a kanta zaren bututu na BSP yake har yau. Zaren bututun Amurka, NPT, digiri 60 ne. A bututun inci 2, BSP na da tudu 11 a kowane inci, NPT kuwa 11 da rabi. Ido ba ya ganin wannan rabin. Shi ya sa mahaɗi kan shiga zagaye biyu ko uku ya cije, a tilasta shi, zaren ya lalace, a ce kayan jabu ne alhali ma'auni ne ya saɓa.

A nan ne zane mai bin ma'auni yake da amfani. Maimakon a zana kowane mahaɗi daga farko, ana rubuta ƙa'idarsa sau ɗaya, a bar lambobin a buɗe. Manhajojin OpenSCAD da FreeCAD kyauta ne, kuma kowace tana da ɗori da ke yin lissafin zare: BOSL2 ga ta farko, Fasteners ga ta biyu. Idan an sauya 11 zuwa 11 da rabi, siffar gaba ɗaya za ta sake kanta. Akwai lamba ta huɗu da bakanike ya fi kowa saninta ko da bai ba ta suna ba, wato sararin da ake bari tsakanin zaren ciki da na waje. Roba takan ɗan bazu yayin ɗab'i, don haka akan bar milimita 0.2 zuwa 0.4. Kalmar “sako-sako” ta kusa da wannan ma'ana, sai dai a bakin masu sana'a aibi take nufi, alhali a nan abin nema ne.

Ba kowane zare ne ya dace da wannan fasaha ba. Bakin na'urar da aka saba da shi milimita 0.4 ne, kaurin shimfiɗa kuma 0.2. Ƙusa mai zare ta M6 tazararta milimita 1 ce, shimfiɗa 5 ke nan kacal ga kowane tudu, kuma robar ba za ta ɗauki ɗaurin sifana ba. Gara a dasa noti na ƙarfe a cikin robar. Zaren BSP na inci 2 kuwa tazararsa ta kai milimita 2.3, fiye da shimfiɗa 11, saboda haka yana fitowa sarai.

Sai batun zafi. Robar PLA, wadda ta fi arha da sauƙin ɗab'i, tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma inji da ke aiki a tsakar rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40 a inuwa, bai yi nisa da haka ba. PETG tana jurewa har kusan digiri 80, ita ce ta dace da fadama.