Ɓarawon Yana Cikin Ruwan

Aikina ke nan, duba kifin mutane, kuma yawancin kiran da ake yi mini daga Dogon Dutsi, Matankari, Kore Mairuwa ko Tibiri, kuka ɗaya ne: "Malam, kifina na raguwa, amma ban ga mushe ko ɗaya ba." Wani ya zargi yaran unguwa, wani ya zargi kyanwa. Na san wanda ya sallami mai gadinsa a kan wannan magana.

Da bazarar bara wani dattijo a wajen Dumega ya kira ni. Ruwa ba ya da nisa a ƙasan Dallol Mawri, don haka ya haƙa rijiya a lambunsa, ya gina kwamin siminti wanda bai fi faɗin ɗaki ba, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa rana ɗaya, duka kamar ɗan yatsa. Bayan wata biyu muka zubar da ruwan. Karfasa ta kusa ƙarewa. Tarwaɗar ma ta ragu, sai wasu 'yan ƙalilan da suka yi ɓul-ɓul kamar damtsen yaro suna ta wutsil-wutsil a cikin laka. Na kama babbar, na tsaga cikinta a gabansa, sai ga karfasa biyu, ɗaya ko narkewa ba ta fara ba. Na ce, "Baba, ga ɓarawonka." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe kura yake ciyarwa da kuɗinsa.

Tarwaɗa ba ta da ƙa'ida sai ta faɗin bakinta. Duk abin da ya shige shi abinci ne, ko da ƙanwarta ce. Kuma ba sa girma tare: cikin ɗaruruwan da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, wasu kan yi wa sauran fintinkau cikin 'yan makwanni, su koma farautarsu da dare. Shi ya sa muke cewa a riƙa tace ƙanana duk bayan kwana 14, a ware manya gefe.

Akwai wata ɓarnar da ba ta buƙatar haƙori. Tarwaɗa na da wata gaɓa a bayan kai da ke ba ta damar shaƙar iskar sama, don haka ko ruwa ya yi kore shar yana wari, tana nan daram. Karfasa kuwa iskar da ke narke cikin ruwa kaɗai ta dogara da ita. Abincin tarwaɗa mai yawan furotin ne, wajen kashi 40 cikin 100, kashinta na saurin ɓata ruwa, kuma iskar ruwan kan yi ƙasa sosai gab da asuba, musamman da zafin Afrilu da Mayu. In ka fito sallar asuba ka tarar da karfasa ta taru a sama tana buɗe baki, canza ruwan nan take, kada ka jira hantsi.

Wannan rigimar ba tamu ba ce mu kaɗai. Murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya ƙashin wata halittar teku mai rai ne, kuma a Turai da Amurka akwai masu kiwon danginta a akwatin gilashi cikin falo, da ruwan gishiri. Su ma iri biyu suke fama da su: mai tauri da mai laushi. Mai taurin yana gina wa kansa ƙashi irin na farar ƙasa, wasu nau'o'insa kuma da dare sukan miƙa dogayen zare masu harbi su ƙone maƙwabci. Mai laushin ba ya harbi haka, sai dai wasu irinsa na sakin sinadari a ruwa da ke hana mai tauri girma. Masu kiwon sukan ba da tazara tsakaninsu, su tace ruwan da wani gawayi na musamman, su riƙa canza wani sashensa a kai a kai. A teku mai faɗi gubar tana bajewa, a akwati kuwa ba ta da wurin zuwa. Kwaminka ma akwati ne.

Ban ce haɗa tarwaɗa da karfasa haramun ba ne. A babban tabki irin Tabkin Sau, ko kududdufin ƙasa mai faɗi, haɗin na da amfani, don karfasa uwar haihuwa ce. Macen tana riƙe ƙwanta a baki har ya ƙyanƙyashe, kuma tun tana 'yar wata kaɗan take farawa. In ba mai rage 'ya'yan, ruwa zai cika da ƙananan kifi marasa nama waɗanda ko mai suya ba ya so. Nan tarwaɗa ke yin aiki. Amma da sharaɗi: karfasa za ta fara shiga, ta yi girman da ya fi ƙarfin baki, sannan a zuba tarwaɗa ƙanana, kuma kaɗan. Giwan ruwa kuwa kada ma a kawo maganarsa a ruwan gida.

Dattijon nan yanzu ya gina kwami na biyu, kowane iri da nasa. In kwami ɗaya gare ka kuma na siminti ne, zaɓi iri ɗaya. Kafin ka sayi 'ya'yan kifi, sa mai sayarwa ya tace maka masu kai ɗaya a gabanka, kuma don Allah ka leƙa ofishin gandun daji na Dogon Dutsi ko na Tibiri ka yi tambaya tun kuɗinka na aljihu.