Darasin Kiwon Lafiya: Yadda Za A Ƙarfafa Saman Baya

Jama'a masu karatu, ku dubi yawancin ayyukan da muke yi. Manomi da fartanyarsa a sunkuye yake yini. Tela a kan kekensa a sunkuye yake, haka mai ɗinkin hula, haka mace mai wanki ko shara. Har ɗalibanmu na ajin yaƙi da jahilci, in sun ɗora littafi a cinya sai sun ranƙwafa. Yau da gobe sai kafaɗu su zubo gaba, wuya ya ƙage, tsakanin allunan kafaɗa ya riƙa zafi.

Ƙashin bayan mutum ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere. Guda 7 suna wuya, 12 suna saman baya, inda haƙarƙari ya kama. Kan babban mutum kuwa nauyinsa ya kai wajen kilo 5. In ya zauna daidai bisa kafaɗu, ɗaukarsa ba wuya. In ya yi gaba, tsokokin ƙeya da na saman baya ne ke ta fama da shi.

Wani zai ce, ni da nake yini a gona, wane motsa jiki kuma ya rage mini? Gaskiya ne noma aiki ne. Amma a sunkuye ake yinsa, ba kasafai ake buɗe ƙirji a ja kafaɗu baya ba. Wannan jan shi ne abin da darasinmu yake nema.

Ka samo tsohon tiyub na keke, ka zarga shi a jikin bishiya daidai ƙirjinka. Ka kama bakinsa biyu, ka ja da baya har ya miƙe. To, sai ka jawo hannuwa zuwa haƙarƙarinka, ka matse allunan kafaɗa kamar za su haɗu. Ka ƙirga uku, ka saki a hankali. Kada ka ɗaga kafaɗa zuwa kunne, kada kuma ka riƙe numfashi. Yi sau 10, ka huta, ka sake. Sakin nan a hankali yana da amfani kamar jan, masu gaggawa a nan suke yin asara. Ka riƙa duba tiyub ɗin, wanda ya tsattsage yana iya tsinkewa ya bugi ido.

In babu tiyub, bango ya isa. Ka jingina baya da ƙeya a jikinsa, ka ɗaga hannuwa gefe, gwiwar hannu a lanƙwashe. Ka zame su sama, ka dawo da su ƙasa, sau 10. Mata ma su yi, a cikin gida.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar manya su riƙa motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Sai an yi makonni kafin a ji canji.

Amma ba kowane ciwon baya ne na sunkuyo ba. In ciwon ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, ko ƙusumbi ya fara fitowa, ko ƙafafu suna mutuwa, a bar motsa jiki, kada kuma a tsaya yin ƙaho. Tarin fuka yana kama ƙashin baya. A tafi asibiti a auna, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati na Nijeriya.