Kada Fartanya Ta Taɓa Ɗan Gawo

A watan Agustan bara na tsaya da wani dattijo a gonarsa, tsakanin Dambatta da Makoɗa. Ko'ina kore shar, amma gawon da ke tsakiyar gonar ba ganye ko ɗaya, sai ƙaya da fararen rassa kamar ya mutu. Geron gindinsa kuwa ya ɗara na sauran gonar tsawo, ganyensa har duhu-duhu yake yi, zangarniya ta cika fam.

Na ce, "Baba, mudu nawa na taki ka zuba a nan?"

Ya ce, "Malam, nan ai ba ya cin takina. Gawo ke ci da shi."

A aikina na malamin gona ban ga bishiya mai ban al'ajabi irin wannan ba. Sauran itatuwa da damina suke ganye, shi kuwa ruwa na sauka sai ya kakkaɓe nasa. Ganyen ya ruɓe daidai lokacin da shuka ke neman abinci, rana kuma ta ratsa rassan ta sami gero. Da rani sai ya yi ganye luf, domin saiwarsa ta nutsa can ƙasa inda ruwa yake. Awaki da shanu su fake a inuwarsa, su ci 'ya'yan da suka zubo, su bar kashinsu a wurin.

Akwai kuma aikin da ake yi a ƙarƙashin ƙasa. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da muke biyan kuɗi a kansa cikin buhun yuriya. Gero ba ya iya ɗaukarsa daga iska. Gawo dangin wake da gyaɗa ne. In ka tuge gyaɗa za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarta. Cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta ke kamo sinadarin su mai da shi abincin shuka. Gawo ma haka yake yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin gawon da nake gani a gonakinmu tsofaffi ne. Masu gawayi na sare manya, mu kuma muna kashe ƙanana wajen sharar gona da noman fari.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun taɓa shiga wannan hali. Daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma kan barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi. Yau an ƙiyasta bishiyoyin da suka dawo a gonakin kudancin Nijar sun kai miliyan 200, ba tare da dashe ba.

'Yan'uwa manoma, bana in kun ga ɗan gawo ya tsiro a kunya, ku kauce masa. Ku zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ku rage sauran, ku ɗaura masa tsumma don yaran da ke noma su gane shi.